Koren Ɗigo a Mararraba

4 ga Maris

Assalamu alaikum, Injiniya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke a nan. Innarki tana gaishe ki, ciwon bayanta ya yi sauƙi tun da ta ɗora keken ɗinkin a kan bulo biyu. Ni kuwa kunne yana nan yadda kika bar shi, shi ya sa na sake ɗauko biro. Idan kin kira waya "na'am, na'am" kawai nake yi, Innarki ta ce rabin abin da nake amsawa ban san me na amsa ba. Direban bas ɗin safe zai riƙa kawo miki takarda. Ni na koya masa tuƙi, ba zai karɓi ko sisi ba.

Motar lantarki ta iso! Wata huɗu ina jira, har masu shayin bakin makaranta sun fara tambayata ko da ƙafa take tahowa daga ƙasar da aka ƙera ta. Ranar Asabar aka sauke ta, fara fat, unguwa ta taru. Bakanikena ya buɗe gabanta ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ina injin?" Na ce ka tambayi ɗiyata, ita ce injiniya. Ya rufe ya koma gefe kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Shekara ashirin da shida ina koyar da tuƙi, ban taɓa zama cikin motar da ta fi ni shiru ba. Ƙafata ta hagu ta yi ritaya, babu kuloci. Jiya na wuce gidan mai na ga layi har bakin titi, na ɗaga musu hannu na wuce. Allah Ya yafe mini, na ji daɗi. Tsohuwar motar da na sayar da ɗan abin da muka tara duk sun tafi a kanta, da ba don rangwamen ma'aikata da kika samo mini ba da ko tayarta ban saya ba. Amma ban yi nadama ba, mai ya kusa rufe mini makaranta.

Innarki ta buɗe mini taswirar kamfaninku a wayarta, wadda kika ce ke kike kula da ita. Na ga koren ɗigo biyu a wajenmu, wato wuraren cajin mota. Ɗaya a harabar babban kanti, na je na gwada, yana aiki idan akwai wuta. Ɗayan a mararraba, rabin hanyar garin da ake gwajin lasisi. Wannan shi ne nawa. Kin san abin da ya bambanta makarantata da sauran: ni nake kai ɗalibaina gwaji da kaina, a motar da suka koya. Ranar ashirin ga wata zan kai uku. Motar ba za ta je ta dawo a caji ɗaya ba, amma za mu tsaya a mararraba a dawowa, su sha lemo ita ma ta sha nata.

Allah Ya yi miki albarka. Ki riƙa cin abinci.

Kawunki.

11 ga Maris

Wa alaikumus salam, Kawu.

Na samu takardarka, na karanta sau uku. Ina lafiya, sai ɗan mura saboda sanyin ofis. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata bulo biyu ba magani ba ne, ta je a duba ta.

Na yi dariyar bakanike har maƙwabciyar teburina ta leƙo. Kuma Kawu, don Allah ka daina cewa injiniya ce ni, wata rana za a kawo mini abin da ya fi ƙarfina. Aikina teburi ne da kwamfuta a hawa na uku, kusa da na'urar ruwan sha. Ana turo mini sunan wuri, in sa ɗigo a taswira. Kore yana nufin yana aiki, ja yana nufin ya lalace ko babu. Oga yana da babban allo a ofishinsa inda duk ɗigogin suke fitowa, idan baƙi masu zuba jari suka zo nan yake fara kai su.

Na ji daɗi ƙwarai da motar ta yi maka. Tun ranar da Mama ta rasu ka ɗauko ni a kujerar gaba da ƙunshin kayana a cinya, ban taɓa yi maka wani abu da zan nuna ba. Wannan ne na farko, shi ya sa nake so ya tafi daidai.

Sai dai ina da roƙo ɗaya. Kada ka yi doguwar tafiya da ita tukuna. Ka bari ku saba da juna a cikin gari, wata biyu ko uku. Ɗaliban nan uku, ko za ka sa su hau bas, ko a ɗaga musu gwajin? Hanyar tana da nisa, ga zafi, komai yana iya faruwa. Ka yi mini wannan, Kawu.

'Yarka.

14 ga Maris

Assalamu alaikum.

Muna lafiya. Innarki ta ji saƙonki.

Na ga roƙonki, na kuma gane abin da kike nufi, ba sai kin zagaya ba. Kunne ne ya tsufa, ba ido ba, ba hannu ba. Hanyar da kike cewa tana da nisa, na bi ta tun kafin a zuba mata kwalta, kina bayana kina barci da baki buɗe. Yanzu ni za a ce in bari in saba da mota? Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya.

Ɗalibina ba ya hawa bas ya je gwaji. Ranar ashirin za mu tafi in Allah Ya yarda, in dawo in ba ki labari.

Kawunki, wanda har yanzu yana ganin titi.

2 ga Mayu

Assalamu alaikum, Kawu.

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya zafi? Ni lafiyata ƙalau.

Sati bakwai ke nan babu takarda. Takardarka ta sha huɗu ga Maris ba ta same ni ba sai ranar ashirin da biyu, direba ya ce bas ɗinsa ce ta kwanta a gareji. Na kira wayar Inna sau da yawa, ta ce kuna lafiya, ka fita, sai ta fara ba ni labarin masu ɗinki. Idan maganata ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini. Wallahi ban taɓa shakkar tuƙinka ba, ba abin da nake nufi ke nan ba.

Ga doguwar wayar caji na ba direba, ta fi wadda ta zo da motar ƙwari, za ta kai daga falo har ƙofar gida. Ya gwajin ɗaliban? Ya hanya?

A ofis an kawo wasu masu bincike daga waje. An ce kowa ya gyara abin da yake hannunsa kafin ƙarshen wannan wata, don haka za ka ga wasu wurare sun canja launi a taswira. Kada abin ya ba ka mamaki.

Ka rubuto ko da layi biyu ne.

'Yarka.

8 ga Mayu

Wa alaikumus salam, Injiniya.

Lafiya lau muke. Ba fushi nake ba, wa zai yi fushi da ɗiyarsa a kan magana ɗaya? Biro ne ya yi nauyi.

Waya ta iso, an gode, Allah Ya ƙara buɗi. Ɗalibai biyu sun ci gwaji, ta ukun ta hau kan dutsen gefen titi, za ta sake. Mota tana nan lafiya, kowa yana yaba ta.

Na yi tunani a kan maganarki, na ga kina da gaskiya. Na daina kai ɗalibai gwaji, gwiwa ta fara ƙorafi. Ɗaliban ma sun ɗan ragu, lokacin zafi ne, na samu hutu. Kada ki sa komai a ranki, ki riƙe aikinki da kyau.

Kawunki.

10 ga Mayu

Assalamu alaikum, 'yar nan.

Innarki ce. Ina fata kina lafiya. Bayana da sauƙi, ki bar zancen asibiti. Kawunki bai san na rubuto ba, na ja kunnen direba, ke ma ki ja bakinki.

Na ga takardar da ya aiko miki shekaranjiya kafin ya liƙe. Gwiwarsa lafiyarta ƙalau, ta fi tawa. Ni ba zan iya irin kawaicinsa ba, bari in faɗa miki abin da ya faru.

Ranar ashirin sun je, an yi gwaji, suka juyo. A mararraba ya bi taswirarku ya shiga bayan tsohon gidan mai. Abin da ya tarar, daɓen siminti ne da ƙusoshi huɗu a tsaye, da allo mai sunan kamfaninku, awaki suna kwance a inuwarsa. Babu injin caji, babu ko waya. Ya zagaya wurin sau uku yana cewa wataƙila shi ne bai gane kwatance ba. Daga nan ya lallaɓa da abin da ya rage a batir, ya kashe iska, ya kashe komai, har ta tsaya musu a daji da rana tsaka. Mata biyu da saurayi ɗaya, babu inuwa, babu ruwa. Motar itace ce ta kwaso ɗaliban. Shi ya zauna gadin mota har janwe ya zo.

Mijin ɗaya daga cikin matan ya zo har ƙofar makaranta, a gaban masu shayi, ya ce tsufa ya sa Malam ya sayi fitila ya ce mota ce. Cikin sati biyu ɗalibai goma sha ɗaya suka koma uku, yanzu saura ɗaya, ita ma don 'yar ƙawata ce. Wa zai biya kuɗi a makarantar da ba ta kai mutum gwaji?

Cikin garin ma ba daɗi. Injin babban kanti baki biyu gare shi, ɗaya ya mutu tun watan jiya, an ce kayan gyaransa sai an yo oda. Kawunki yana tafiya da kujerarsa ta roba ya zauna layi bayan masu tasi, kafin a zo kansa an ɗauke wuta. A gida wutar awa huɗu ake ba mu, motar kuma tana son awa goma sha ɗaya. Wayar da kika aiko tana da kyau, amma me za ta ɗebo? Wani lokaci wajen mai walda yake kai ta a tayar da janareta, ya sayi man da hannunsa. Ki ji fa, motar da aka saya don a huta da mai.

Duk da haka ko sau ɗaya bai ambaci sunanki ba. Idan na fara sai ya ce, "Yarinya tana hawa na uku, ina za ta san abin da ke bayan gidan mai?"

To ga abin da ya sa na rubuto. Ƙanena dillali ya samo mai saye. Wata malama ce, tsohuwar ɗalibar Kawunki, an yi mata ƙarin girma an tura ta shugabancin wata makaranta can gaba da mararraba, za ta fara wata mai zuwa. Ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ta buɗe taswirarku a falona ta ce, "Alhamdulillahi, ga wurin caji a kan hanyata ma." Ni dai na ci gaba da ɗinkina. Farashin da ta yarda da shi zai saya mana tsohuwar mota mai shan mai, makaranta ta tashi. Sauran da suka zo, rabin kuɗi suka taya. Za ta biya ranar uku ga Yuni.

Na karanta inda kika ce wurare za su canja launi ƙarshen wata. Kawunki bai kula ba, ni na kula. Ina roƙonki don girman Allah, ki bar ɗigon mararraba yadda yake har ranar huɗu. Kwana huɗu kawai. Malama tana da albashi, tana da miji mai aiki, in ta ga babu za ta san dabarar da za ta yi. Kawunki ba shi da komai sai allon makarantar nan. Na san abin da nake roƙo ba mai kyau ba ne, na ɗauki zunubin a kaina.

Innarki.

15 ga Mayu

Wa alaikumus salam, Inna.

Na samu takardarki. Kin tambayi lafiyata, ban san me zan ce ba. A banɗakin ofis na ƙarasa karantawa, na daɗe ban fito ba.

Inna, zunubin ba naki ba ne, ba za ki iya ɗaukar abin da yake wuyana tun bara ba. Kawu yana cewa ban sani ba. Na sani.

Ni na sa ɗigon nan da hannuna, watan Satumba. A ofishinmu ba a jira a gina wuri, ranar da aka sa hannu da ɗan kwangila ranar Oga yake cewa a kunna kore, wai kafin mutane su lura an gama. Na taɓa tambaya sau ɗaya, ya ce in ina son taswira mai gaskiya in je in zana ta gidanmu. Kowa ya yi dariya, har da ni. Ɗan kwangilar mararraba ya zuba siminti ya turo hoto, daga nan aka ce injinan suna tashar jirgin ruwa, har yau suna can. Hoton yana cikin kwamfutata. Na san ƙusoshin nan huɗu.

Lokacin da na zo hutu na ga Kawu yana auna man da zai saya da galan, na nuna masa taswira na ce ga mafita. Na ce a raina kafin mota ta iso wata huɗu ne, ai an gama. Kuma Inna, in faɗa miki gaskiya har ƙasa, ina son ya kalle ni yadda ya kalle ni ranar. Da mota ta iso ba a gama ba, sai na kasa buɗe baki. Kalma biyar ce kawai: Kawu, babu komai a mararraba. Maimakon haka na yi masa hannunka mai sanda, na ce kada ya yi nisa, na bar shi ya ɗauka tsufansa nake nufi. Da amsarsa ta zo a makare na ga kwanan wata, na san an riga an tafi an dawo. Sati shida ina kiran wayarki ina jin daɗi duk lokacin da kika kauce wa zancen. Kunya ta ishe ni, Inna. Mutumin da ya sayar da rediyon motarsa ya biya mini kuɗin jarrabawa, ni na zaunar da shi a daji.

Mararraba tana cikin wurare goma sha tara da na jera zan mayar ja ranar talatin ga wata. Na cire ta daga jerin. Idan masu bincike suka tambaya zan ce mantuwa ce, in kora ce a kore ni. Na san malamar nan ba ta yi mini komai ba, na san abin da na yi wa Kawu shi zan yi mata, wannan karon ma ido buɗe. Na kwana biyu ina juya shi, na ga ba zan iya kallon allon makarantar nan a ƙasa ba. Zai zauna kore har ranar huɗu.

Ki ƙona takardar nan. Kada Kawu ya gani.

'Yarki.

9 ga Yuni

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Ina fata kina lafiya. Ni lafiyata ƙalau, gwiwa ma lafiya, ƙarya na yi miki, Allah Ya yafe mini. Innarki tana nan, kwana shida ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Tana ajiye mini abinci ta koma kan kekenta.

Malama ta zo ranar uku da mijinta da kuɗinsu. Ni ban san komai a kan shirinku ba. Abin da na sani, ban taɓa miƙa wa ɗalibina makulli ba tare da na zauna a gefensa ya bi hanyar da zai riƙa bi ba. Na kwana biyu ina tara mata caji har ta cika, na ce Malama, zauna a sitiyari, mu je ki ga hanyar makarantarki. Innarki ta ce ga rana, a zagaya unguwa mana ya isa. Dillali ya ce haka ne. Na ce su jira mu.

Tana tuƙi da kyau, har yanzu tana duba madubi kafin ta taka birki yadda na koya mata. Tana ta ba ni labarin makarantar, aji shida, rufin biyu ya yaye. Da muka kai mararraba na ce ta sa sigina ta shiga bayan gidan mai. Ta tsaya a gaban simintin, ta dubi wayarta, ta dubi wurin, ta sake duban wayar. Ta ce, "Malam, nan ne?" Na ce nan ne. Ta ce, "Amma ka san da ka yi shiru da na biya?" Na ce na sani. Mijin da ke zaune a baya ya fita ya taka ƙusa ɗaya da takalmi ya dawo. Muka juyo muka dawo gida.

Ciniki ya watse. Innarki ta yi kuka, ta faɗi maganganu, yawancinsu gaskiya ne. A cikin faɗan ta buɗe akwatin zare ta jefo mini takardarki, ta ce ga wadda ta fi ni sanin ciwon gidan nan. Ba ta ƙona ba. Kada ki riƙe ta a rai, tsoro ne ya sa ta, shekara ashirin da shida tana cin abin da makarantar nan ta kawo.

Na karanta a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa.

Bari in fara da nawa laifin, don ba ke kaɗai ba ce. Kin ce kada in yi nisa, girman kai ya toshe mini kunnen da ya rage, ban tambaye ki dalili ba. Bayan na dawo daga daji kuma na rufe bakina don kada a zagi aikinki. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce mota lafiya, kuskuren lissafina ne. Da wannan shirun nawa mai kemis na kan kwana ya sa sunansa a layin masu jiran irinta, ya ce in dai Malam ya yaba ba sai ya bincika ba. Jiya na je na same shi na warware masa komai, na sha kunya a gaban masu sayen magani. Ashe abin da kike yi da ɗigo shi nake yi da baki.

Na farkon da kika yi, na fahimta. Yarinya ce a ofishin manya, kin ji tsoro, kin so ki faranta mini. Da shi kaɗai ne da na ce ruwa ya zube tulu yana nan. Na biyun ne ya tsaya mini a wuya. Kin san akwai mace da za ta bi hanyar nan ita kaɗai, kin san inda motar take mutuwa, kin zauna kin cire sunan wurin daga jerinki, kuma kika ce don ni. Tun ranar nake bincikar kaina, me na taɓa yi a gabanki da ya sa kika zaci zan karɓi makarantata a haka? Ban samo ba tukuna, amma ni na rene ki, dole akwai.

Ranar Alhamis na sauke allon da hannuna, yana jingine a bayan ɗaki. Direban bas ɗin nan ya ce mai gidansu yana neman wanda zai riƙa gwada sababbin direbobi, zan je in gan shi. Ki dubi ikon Allah, ɗalibina zai kai ni neman aiki. Motar tana ƙofar gida a lulluɓe. Wanda zai saye ta zai saya ne bayan ya ga mararraba, ko nawa ya taya.

Ba na son ki aiko kuɗi, zan mayar. Ba na son ki bar aiki don ki hukunta kanki, wannan ba zai cika batirin kowa ba. Ban kuma ce na daina zama kawunki ba, ɗakinki yana nan. Abu ɗaya nake so.

Kin ce wa Innarki har ranar huɗu. Na ba ki uzuri ranar biyar, na ce ko aiki ya yi yawa. Ranar shida na ce ko masu binciken ne suka hana taɓa komai. Wataƙila kina jira ne a ce miki an biya, to ba a biya ba, ba kuma za a biya ba. Kowace safiya idan Innarki ta shiga wanka ina ɗaukar wayarta in buɗe taswirar, na koyi yadda ake yi. Yau tara ga wata, na duba kafin in ɗauki biro. Har yanzu kore ne.

Kawunki.